Filin Tambaya da Amsa: Wai ta yaya mai ƙuri'a da yawa yake faɗuwa zaɓe a Amurka?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan maganar zaɓe suke, na tsinci guda biyar na haɗe su wuri ɗaya tunda hanyarsu ɗaya. Masu tambayar rabon gado da mai tambayar takin zamani ku yi haƙuri, saƙonku na nan ban jefar ba.

Tambaya daga wani malamin firamare a Jega: Salam Malam, don Allah ka raba muna wata gardama da ta hana mu shan shayi lafiya. Ni na ce a Amurka ba talakawa ka zaɓen shugaban ƙasa ba, wasu 'yan tsiraru ne, abokina ya ce ƙarya nike ai muna ganin layinsu a talabijin. Kuma in da gaske ne Hillary ta fi Trump ƙuri'a a 2016 to ya aka yi ta faɗi, ko can ma ana murɗiya ne?

Wa alaikumus salam Malam. Ku raba kuɗin shayin biyu kowa ya biya rabi, don daga kai har abokin naka kowa ya riƙe wani gefe na gaskiya. Mutane na fita su yi layi su dangwala, wannan haka ne, amma abin da suke zaɓa a zahiri shi ne wakilan jiharsu, su kuma wakilan su ne za su taru a watan Disamba, kowa a babban birnin jiharsa, su jefa ƙuri'ar da doka ta sani. Su suna ce masa Ilektoral Kwalej, kuma kar sunan ya ruɗe ka, ba makaranta ba ce, ba aji ba allo, ko wuri ɗaya ba sa haɗuwa.

Wakilan nan su 538 ne, duk wanda ya samu 270 ya haye. Yadda ake rabon kuwa, kowace jiha ana duba yawan 'yan majalisar wakilanta a ƙara mata biyu na sanatoci, sai birnin Washinton da aka ba shi uku. Shi ya sa Kalifoniya take da 54, Teksas 40, Fulorida 30, ita kuwa Wayomin da mutanenta ba su kai 600,000 ba tana da uku. To inda gizo yake saƙar shi ne, in ka cire jihohi biyu, Men da Nebraska, duk sauran wanda ya zo na ɗaya a jiha shi yake kwashe wakilanta kaf, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi abokin karawarsa.

Tunda na san da wuya a rasa mai zuwa gidan kallon ƙwallo a majalisarku, ɗauke shi kamar teburin lig. Kulob ɗin da ya ci 6 da nema maki uku zai samu, wanda ya lallaɓa ya ci 1 da nema a minti na 90 shi ma maki uku. Ƙarshen kaka ana iya samun wanda ya fi kowa zura ƙwallo amma kofi na hannun wani. Haka ta faru da Hillary. A Kalifoniya kaɗai ta ba Trump ratar sama da miliyan 4, amma ko ratar dubu ɗaya ta ba shi wakilai 55 ɗin da jihar take da su lokacin su dai za ta samu, ragowar duk ƙwallayen banza ne. Shi kuwa ya ci Mishigan da Wiskonsin da Fensilbeniya da ratar da in ka haɗa su ukun ba ta kai 80,000 ba, ya kwashe wakilai 46. Aka tashi tana gabansa da ƙuri'a kusan miliyan 3 a faɗin ƙasa, shi yana da wakilai 304 ita 227. Ina tuna safiyar da sakamakon ya fito, ina teburin mai shayi nan Birnin Kebbi rediyo na rataye jikin ƙusa, mai shayin ya tsaya da shiƙar shayinsa kofi biyu a hannu ya ce to wallahi in nan aka yi haka yau ba mai buɗe shago.

Ba murɗiya ba ce, dokarsu ce haka, kuma sau biyar ke nan tana faruwa: 1824, 1876, 1888, 2000 da 2016. Ta 2000 ma ta fi ban mamaki, Al Gore ya fi George Bush da ƙuri'a sama da rabin miliyan, amma Bush ya ci Fulorida da ƙuri'a 537 kacal, rumfar zaɓe ɗaya ke nan a Jega in an fito sosai, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli ta tsayar da sake ƙirga, ya shiga fada da wakilai 271.

Asalin abin tun 1787 ne da suka zauna a Filadelfiya rubuta tsarin mulki. Wasu suka ce majalisa ta zaɓi shugaba, wasu suka ce a bar wa jama'a, ƙananan jihohi na tsoron manya su haɗiye su, ga ƙasa mai faɗi labari kan doki yake tafiya. Akwai kuma ɓangaren da ba su cika son a tono ba, wato bauta. Jihohin kudu na da bayi jingim waɗanda ba su da ƙuri'a, in aka ce ƙuri'ar kai tsaye kudu ta yi asara, sai aka yarda wurin ƙidayar rabon kujeru kowane bayi biyar a lissafa su a matsayin mutum uku, nauyin jiha ya ƙaru da mutanen da ba a bari su buɗe baki. An daina bauta tuni amma tsarin wakilan na nan, don sauya shi sai kashi biyu cikin uku na majalisu biyu sun yarda sannan jihohi 38 cikin 50 sun sa hannu, su kuma masu cin moriyarsa ba za su yanka wa kansu wuya ba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Gusau: Malam barka da aiki. Ni a ganina wanga tsari na Amurka shi ya dace da mu, saboda 'yan takara Kano da Legas kawai suka sani tunda can ƙuri'a take, mu Zamfara da Kebbi sai su leƙo awa biyu su ɗaga hannu su wuce. In da wakilai ne ai dole a zo a lallashe mu. Mi ka gani?

Alhaji na fahimci ƙorafinka kuma ba ƙarya ka yi ba kan awa biyun nan, jirgi ya sauka a gaida sarki a je fili a yi kiɗa a koma kafin la'asar. Amma da saƙonka ya zo sai na ɗauki biro da bayan kwalin magani na ce bari in gwada lissafin da kaina, mu ga ko riga ce da za ta shige mu.

Muna da 'yan majalisar wakilai 360 da sanatoci 109, wakilai 469 ke nan, mai son ci sai ya samu 235. Zamfara na da kujeru 7 a majalisar wakilai, da sanatoci uku 10 ke nan. Kebbi 8 da uku, 11. Kano 27, Legas 27. Ka ga an ɗan ɗaga mu amma har yanzu Kano ɗaya ta fi mu biyun a haɗe. To sai na ɗora sakamakon 2023 a kai. Tinubu ya zo na ɗaya a jihohi 12, Atiku 12, Obi 11 da Abuja, Kwankwaso Kano. Da na tara sai ga Tinubu 151, Atiku 148, Obi 143, Kwankwaso 27. Ba wanda ya ko ji ƙamshin 235. A dokar Amurka in haka ta faru majalisar wakilai ce take zaɓa, kowace jiha ƙuri'a ɗaya. Alhaji kai ɗan kasuwa ne, ka kwatanta irin cinikin da za a buɗe a otal-otal ɗin Abuja cikin wannan makon.

Sannan ga wata. A Kebbi Atiku ne ya zo na ɗaya amma ratar ba ta kai 40,000 ba, mutum sama da 240,000 sun zaɓi Tinubu, a tsarin da kake so duk waɗannan an zuba ƙuri'arsu a gulbi. Ku can Zamfara Tinubu ya ci, to duk wanda ya sha rana ya zaɓi Atiku shi ma ya yi aikin baban giwa. A Legas Obi ya fi Tinubu da abin da bai kai 10,000 ba, da ya kwashe 27 ɗin duka. Yanzu tsakani da Allah, ƙasar da ake sace akwati don ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ka ce wa ɗan siyasa ƙuri'a 10,000 za ta ba shi jiha sukutum, me kake jin zai faru a rumfunan da ke bayan gari? Yanzu in ya murɗe dubu goma, dubu goma ya samu cikin miliyoyi. A can kuwa dubu goman nan ita ce kujerar.

Kuma zancen za a zo a lallashe mu, ko a Amurka ba ƙananan jihohi ake lallashi ba, jihohin da ba a san inda za su faɗa ba su ake bi. A 2024 jihohi bakwai aka yi ta zarya a kai, Fensilbeniya, Mishigan, Wiskonsin, Jojiya, Arizona, Nebada da Karolina ta Arewa. Wayomin da nauyin ƙuri'ar mutum ɗaya a cikinta ya ninka na Kalifoniya fiye da sau uku ba mai zuwa kamfe, don kowa ya san jam'iyyar da za ta ci tun kafin a buga takarda. Duk jihar da aka san ta da biyayya ga jam'iyya ɗaya sai a ajiye ta a aljihu, ka san kuwa mu nan arewa maso yamma an sha yi mana wannan kallon.

Abu ɗaya da zan ba ka gaskiya a kai, a tsarin wakilai nauyin jiha ba ya raguwa don mutane ba su fito ba. Zamfara da matsalar tsaro ta tashi ƙauyuka da yawa, mutane na gudun hijira a Gusau da Anka da sauran wurare, ko mutum nawa suka samu dangwalawa 10 ɗinta na nan. Sai dai juya shi ta ɗaya gefen, tunda 10 ɗin ba za ta ragu ba, me zai dami ɗan takara da ko mutanen ƙauye sun samu fitowa? Cikin gari ya ishe shi.

Mu fa muna da namu maganin wannan damuwar taka, sashe na 134 na tsarin mulkin 1999. Bai isa ka fi kowa ƙuri'a ba, sai ka samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24 cikin 36. Ko gwamna haka ne, a Kebbi sai ya samu wannan kason a ƙananan hukumomi 14 cikin 21. Wannan shi ke hana mutum ya tara ƙuri'ar yankinsu kaɗai ya hau, kuma ba a zubar da ƙuri'ar kowa ba. Kenya ma da suka sake tsarin mulki a 2010 irin wannan sharaɗin suka sa. Ba wai ba ya kawo rigima ba. Dattawa na tuna 1979, lokacin Kebbi da Zamfara duk muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, jihohi 19 ne, Alhaji Shehu Shagari ya samu kason a 12, a Kano ya tsaya dab da kashi 20 cikin ɗari. Aka ce to nawa ne biyu bisa ukun 19? Lauyansa Richard Akinjide ya ce 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba, Awolowo ya garzaya kotu, kotun ƙoli ta tabbatar wa Shagari ana saura 'yan kwanaki a rantsar da shi. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne da ba a ba shi ba, a dokar lokacin 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su zauna su zaɓa tsakaninsa da Awolowo, wato mun taɓa kaiwa bakin ƙofar abin da kake nema. A 2023 ma an sake irinta kan Abuja, sai da kotun ƙoli ta ce a lissafin nan Abuja kamar kowace jiha take.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Argungu: Malam ni abin da ke ƙona mini rai shi ne ganin mata 'yan'uwana ana ba su taliya da sabulu da dubu biyu su dangwala wa wanda ba su ko san sunansa ba. Ba gara a bar wa masu ilimi da malamai da dattawa su zaɓar mana ba, kamar yadda masu zaɓen sarki suke yi?

Hajiya Allah ya huci zuciyarki, ni ma na gani da idona. Amma kafin ki miƙa wa manya wuƙa da nama bari in ba ki labarin wani maƙwabcinmu da Allah ya yi wa daliget a zaɓen fidda gwani. Mutum ne mai kirki, sahun gaba a masallaci, wayarsa ƙaramar rakani-kashi da aka ɗaure da kyauro. Sati biyu kafin zaɓen wayar nan ba ta huta ba, ko alwala yake sai ya ba yaro ya riƙe masa, motocin da ba mu taɓa gani a lungunmu ba suka fara fakin ƙofar gidansa ana ranka ya daɗe. Aka kwashe su a bas aka kai su masauki aka karɓe wayoyinsu. Ya dawo da sabon mashin da ledarsa, ya sake rufin ɗaki biyu, da na tambaye shi wa ya zaɓa sai ya yi dariya ya ce wanda aka ce.

To Hajiya waɗannan su ne wakilan zaɓenmu, muna da su tuni. A 2022 mutum 371 ne suka ba Atiku tutar PDP, Wike ya samu 237. A APC 1,271 suka ba Tinubu. Mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista sai dai su zaɓa cikin abin da waɗannan suka girka musu. Mai karɓar taliya da mai karɓar mashin duk hali ɗaya ne, bambancin kawai sayen mutum ɗari huɗu ya fi sayen miliyan takwas sauƙi, kuma ita mai taliyar tana iya karɓa ta shiga ta dangwala wa wanda ranta ke so, an sha yi. Ba ga shi a 2023 an kayar da gwamna mai ci a Zamfara ba?

Kuma an taɓa gwada zaɓen hawa-hawa a arewa. A 1951 talakawa su zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi wasu wakilan, a hawan ƙarshe En'e ta cusa nata mutanen. NEPU ta su Malam Aminu Kano ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano amma ko mutum ɗaya nata bai kai majalisar Kaduna ba. Ku mata kuwa ba a ma fara ba ku ƙuri'a a arewa ba sai 1976, saboda haka in aka ce a koma dattawa su zaɓa, ki ƙirga mata nawa za a kira zauren. Masu zaɓen sarki kuma ai kin san su ma sunaye suke miƙawa, gwamna ke sa hannu, ga shi daga gidan sarauta kawai suke ɗauka.

Akwai dai ƙasashen da ba jama'a ke zaɓen shugaba kai tsaye ba kuma suna zaune lafiya. Indiya da Jamus 'yan majalisu da wakilan jihohi ke zaɓa, amma shugaban nasu uban ƙasa ne kawai, mulki na hannun firaminista ko shugaban gwamnati, kamar yadda Azikiwe ya zauna a 1963 Tafawa Ɓalewa na riƙe da gwamnati. Afirka ta Kudu majalisa ke zaɓen mai cikakken iko, amma kuma tana iya sauke shi. Namu da yake riƙe da soja da 'yan sanda da baitulmali, ni dai ban yarda a shiga ɗaki a rufe ƙofa a fito mana da shi ba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kamba: Malam mu da ke bakin iyaka muna ganin Nijar suna zagaye na biyu, mi ya sa mu ba mu yi?

Ɗana muna da shi a takarda, in ba wanda ya cika sharaɗin jihohi 24 za a koma, ba a dai taɓa kaiwa can ba a zaɓen shugaban ƙasa. Bambancin shi ne su, kafin sojoji su yi juyin mulki a 2023, irin na Faransa suka ɗauka, dole sai ka haura rabin ƙuri'u, shi ya sa a Fabrairun 2021 Bazoum da Mahamane Ousmane suka sake karawa. Mu kuwa ko ba ka kai rabi ba kana iya hawa, Tinubu da ƙuri'a miliyan 8.79 ya ci, wajen kashi 37 cikin ɗari, a zaɓen da waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. In da za a tambaye ni gyaran da nake so to wannan ne, a bar sharaɗin jihohi yadda yake a ƙara da na haura rabi, ko da za a kashe kuɗin zaɓe sau biyu. Amma kar ka ɗauka shi ne laya, kai da kake Kamba ka fi ni sanin abin da ya faru a Yamai a Yulin 2023.

Ta ƙarshe daga wani direba a Yawuri, gajeruwa ce: Su wakilan Amurka ba su iya cin amana su zaɓi wani daban?

Suna iyawa, kuma an yi. A 2016 mutum bakwai suka saɓa, biyar daga ɓangaren Hillary biyu daga na Trump, shi ya sa ka ga 304 da 227 ba su cika 538 ba. Sai dai bai taɓa sauya wanda ya ci ba, don jam'iyya ce ke tsamo su daga cikin 'yan a-mutun ta, kuma a 2020 kotun ƙolinsu ta ce jiha na da ikon hukunta wanda ya saɓa ko ta cire shi ta sa wani. Waɗanda suka yi a jihar Washinton an ci su tarar dala 1,000 kowannensu. Na karanta wa maƙwabcin nan namu mai mashin wannan adadin, ya ce dubu ɗaya kacal, ya tambaye ni ko ana ɗaukar baƙi.